Mai Sayen Injin Walda, Daina Ruɗuwa da Lambar da Ke Jikinsa

A Kaduna, daga Kawo zuwa Kurmin Mashi, daga Unguwar Dosa zuwa Rigasa, da wuya ka wuce layi biyu ba ka ga tartsatsin walda a bakin titi ba. Duk wanda ya yi gini yana son get, yana son ƙarfen taga, yana son inda zai ɗora tankin ruwa. Shi ya sa samari ke tururuwa cikin sana'ar, kuma abin a yaba ne. Abin da ke ba ni takaici shi ne yadda ake sayen injin farko. Yaro ya gama koyon aiki, an yaye shi, dangi sun haɗa masa ɗan jari, sai ya shiga kasuwa da tambaya ɗaya tak a bakinsa: "Mai lamba nawa ne?" Da an ce masa 400, shi ke nan, an gama da shi.

Wani yaro a unguwarmu haka ya yi. Mahaifiyarsa ce ta ɗauki adashi ta ba shi. Ya dawo da inbata ƙarama, ja mai sheƙi, an rubuta 400 ɓaro-ɓaro a gefenta, ga ɗan allo a gaba da lambobi ke haskawa. Bai sa an kunna masa ita a shago ba, bai juya bayanta ya karanta komai ba. Aikin farko da ya samu get ne mai ƙyaure biyu. Muddin yana kan siririn bututu da sandar geji 12, komai lafiya. Da ya zo kan ginshiƙi mai kauri ya sa geji 10, sai sanda ta dinga manne wa ƙarfe. Ya murɗa har allo ya nuna 300, ya murɗa zuwa ƙarshe, ƙarfe ya ƙi narkewa yadda ya kamata, walda ta taru guda-guda a sama ba ta shiga ciki ba. Can aka ɗauke wuta, ya aro ƙaramin janareta ya jona. Janareta ya yi gurnani ya shaƙe, injin ya yi wari, allo ya mutu. Ya koma wurin mai kaya, aka tambaye shi rasit, babu. Mai get ya kwashe ƙarfensa ya kai wani wuri.

To, wa za a zarga? Mai kaya ya yi rashin gaskiya, babu shakka. Amma mutumin da ya yi shekaru yana riƙe wa maigidansa ƙarfe, a ce bai san wutar da sanda ke sha ba? Wannan sakaci ne.

Lissafin ba shi da wuya. Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, soket na bango kuma amfiya 13 yake ɗauka, wato kimanin kilowat 3. Injin da zai fitar da amfiya 400 na gaskiya yana bukatar fiye da kilowat 14, zai ja sama da amfiya 60 daga layi. Ta ina wannan wuta za ta bi ta siririyar wayar da filogi irin na dutsen guga? Abin da soket na gida ke iya bayarwa bai wuce amfiya 100 da 'yan kai a bakin sanda ba. Injinan 400 na ainihi manya ne, galibi layi uku ake jona musu, a masana'antu ake ganinsu. Da yawa daga cikin ƙananan da ake rataya a kafaɗa masu irin wannan lamba, fenti ne kawai, kuma lambar da allo ke nunawa ba awo ba ce. Ba girin-girin ba, ta yi mai.

Abin haushin ma, ba ka bukatar 400 ɗin. Aikin get da taga da gado da gyaran baro da sandar E6013 ake yinsa. Geji 12, mai kaurin milimita 2.5, tana narkewa tsakanin amfiya 60 da 90. Geji 10, mai milimita 3.2, tana son 90 zuwa 130. Injin da ke ba da 140 zuwa 160 na gaskiya ya ishe ka ka ci abinci shekara da shekaru.

Don haka idan ka je saye, juya injin ka nemi ɗan farantin bayani a bayansa ko ƙarƙashinsa. A nan ake rubuta wutar da yake ja, da kuma juriyarsa cikin kowane minti 10. Idan ka ga kashi 60 cikin 100 a kan amfiya 130, ma'anarsa minti 6 yana aiki, minti 4 yana hucewa. Ka duba a kan amfiya nawa aka rubuta juriyar, domin a nan ake ɓoye gaskiya. Injin da ba shi da wannan faranti, ajiye shi.

Sannan kada ka biya sai an gwada. Tafi da sandunanka na geji 10 da guntun ƙarfe mai kauri a leda. Tafi da maigidanka, ko wani da ya daɗe a sana'ar. A kunna, a ƙona sanda uku ko huɗu a jere ba hutawa. Kakkaɓe ɓawon ka duba: ta shiga ƙarfe ko a sama ta zauna? Injin ya yanke da kansa? Fanka na juyawa? Idan akwai mai gyaran lantarki kusa da ke da mita mai baki, roƙe shi ya maƙala a wayar yayin da ake walda, nan take za ka ga amfiyar gaskiya. Mai kayan da ya hana gwaji ya riga ya faɗa maka abin da yake sayarwa. Karɓi rasit, a rubuta sharaɗin mayarwa, ka kuma tambaya ko ana samun kayan gyaransa a gari.

Game da zaɓi tsakanin inbata da taransifoma, kowanne da halinsa. Taransifoma irin wadda ake naɗawa a kasuwar Panteka tana da juriya, kuma in ta ƙone a nan za a sake naɗa ta. Sai dai tana da nauyi, tana shan wuta, kuma dole ka tabbatar ko da jan ƙarfe aka naɗa ko da alminiyom, don kuɗinsu ba ɗaya ba ne. Tun da aka kai kuɗin wuta na rukunin Band A naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, shan wuta ya zama abin lissafi. Inbata ba ta da nauyi, ba ta cin mita sosai, amma ƙurar hunturu da tsakin giranda na kashe ta idan ba a hure ta, haka ma janaretan da ya yi mata kaɗan. Kada ka jona ta a abin da bai kai kVA 5 ba.

Ka kuma rage kuɗi don waya mai kauri ta jan ƙarfe, da safar hannu, da garkuwar fuska mai gilashi lamba 10 ko 11. Tabarau na gayu ba ya tare hasken walda. Wanda ya kwana ido na yi masa kamar an zuba yashi, Asibitin Ido na Ƙasa yana nan cikin Kaduna, ya je can, ya bar ɗige-ɗigen da ake ba shi a unguwa.

Iyayen gida masu yaye yara, ku raka su kasuwa ranar sayen injin farko, wannan ma cikin koyarwa yake. Iyaye masu ba da jari, ku tambaya ko an gwada kafin ku miƙa kuɗi. Allah ya sa albarka a sana'a.