Shanu Biyu, Karkiya Ɗaya

Duk wanda ya taɓa riƙe garmar shanu a fadamar Kirikasamma ya san cewa ba a tsakiyar kunya ake gane shanun kirki ba, sai a bakin gona, wurin juyawa. Muddin ana tafiya miƙe, sa biyu takunsu ɗaya. Da an zo juyawa kuwa, na ciki sai ya rage taku, kusan ya tsaya yana juyi a wuri guda, na waje ya buɗe ƙafa ya zagayo. Idan karkiyar ta ɗaure tamau, ba ta ba kowa sarari, sai ka ga wuya yana fizgar wuya, garma tana tsalle a hannunka.

Wannan fizgar na ji a jikina ranar da kawuna ya ɗauke ni a tsohuwar Toyota Hilux ɗinsa, wadda yake kwaso shinkafa da ita daga fadama zuwa kasuwar Haɗejiya. A kan kwalta lafiya lau take gudu. Amma da muka zo shan kwana a hankali za mu shiga layi, sai bayanta ya ɗauki karkarwa, gir-gir-gir, kamar ana jan turmi a kan daɓe. Yana miƙe sitiyari, shiru.

Na ce, "Kawu, tun yaushe take haka?"

Ya ce, "Tun da aka sauya mata mai bayan damina. Wai aksul ya tashi aiki, sai na nemi wani."

Ban yarda ba, kuma dalilina daga gona na ɗauko shi. Tayoyin baya su ne shanun. Tsakanin tayar hagu da ta dama a Hilux akwai kimanin mita ɗaya da rabi, don haka in motar ta yi zagaye ɗaya cikakke, tayar waje ta fi ta ciki tafiya da mita 9 da 'yan kai. Abin da ke raba musu wannan tafiya yana cikin kumburin nan na tsakiyar aksul, mai kama da tulu. A yawancin motoci karkiyar sakakkiya ce: kowace taya ta juya yadda ta ga dama. Daɗi a kwalta, wahala a taɓo, domin da zarar taya ɗaya ta faɗa laka sai ta yi ta wulwulawa a banza, 'yar'uwarta da ke kan tsandauri ta tsaya kallo. Shi ya sa aka ƙera wani irin aksul mai taƙaita zamiya, wanda ake rubuta masa LSD. A cikinsa an jera wasu faifan ƙarfe, kamar na kuloci, an matse su da juna. Su ne karkiyar da ke cewa: in ɗan'uwanka ya zame, ja shi. Amma a kwana dole faifan nan su goga juna a hankali, su ba tayar waje sarari.

A nan maganar mai ta shigo. Man aksul irin wannan akwai wani sinadari a cikinsa da ke sa faifan su sulale a kan juna. In aka zuba man giya na gama-gari, ko man ya tsufa, sai faifan su kama, su saki, su kama, su saki, sau da yawa kafin ƙiftawar ido. Turmin da ake ja a daɓe ke nan: ya cije, ka ƙara ƙarfi, ya zabura, ya sake cijewa. Kuma karkarwar ta fi tsananta bayan doguwar tafiya, in man ya yi zafi.

Mu a nan muna da ƙarin dalilin lalacewar mai. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwan kogin Haɗejiya ta sauya, kachalla ta samu wurin zama ta toshe magudanai, ruwa ya riƙa malala inda bai saba ba. Direban da ke zirga-zirga wajen Marma ko Baturiya da damina ba ya ƙirga sau nawa ya tsoma mota a ruwa. Aksul kuwa yana da ɗan hancin numfashi a samansa. In ya shiga ruwan sanyi da zafinsa, iskar ciki ta tsuke, sai ya zuƙi ruwa. Ka kwance toshiyar aksul ka ga man ya koma kalar shayi da madara, to, ba mai ba ne kuma.

Abin da ke ba ni takaici shi ne saurin kwance ƙarfe kafin a saurari mota. Manomin kirki in sa ya yi ɗingishi, kofato yake fara dubawa, ba ya kiran mahauci. Tambayar farko ita ce: yaushe take kukan? In kukan siriri ne kamar busa, yana tashi in ka taka totur ya sauya in ka ɗaga ƙafa, wannan haƙoran giya ne na cikin tulun. In gurnani ne mai ƙaruwa da gudu, a nemi boris. In ƙarar "kwas" ce guda ɗaya lokacin tashi, a duba kuros na farfela. Sannan a tabbata ba a bar motar a giyar taimako ba, don taimako a kan busasshiyar kwalta yana ɗaure mota a kwana, ta yi ta cije-cije kamar haka. A duba tayoyin baya ma. Taya sabuwa a dama, ƙarama ko suɗaɗɗiya a hagu, tamkar haɗa bijimi da maraƙi ne a karkiya ɗaya: ko a miƙe ake tafiya faifan ba sa hutawa.

Muka kai motar Kawu wurin wani dattijon bakanike a Haɗejiya. Bai taɓa sifana ba sai da ya shiga ya zagaya da ita a fili, hagu da dama. Sannan ya kashe inji, ya sa waigi a tayoyin gaba, ya ɗaga bayan duka biyu, ya saki birkin hannu, ya sa ta a firi. Ya juya tayar hagu da hannu, ta dama ta bi ta gefe guda. Da aksul sakakke ne, da baya za ta juya. Ya dubi yaransa ya ce kada wanda ya kuskura ya tada irin wannan mota a giya taya ɗaya tana sama, don ta ƙasan za ta ja ta ta sauko daga jak.

Ya juye man, ya shafa a yatsa yana neman ɓurɓushin ƙarfe, bai samu ba. Ya ce, "Alhaji, aksul ɗinka lafiya lau. Ƙishirwa yake ji." Ya aika aka sayo mai GL-5 wanda aka rubuta LSD a jikin galan, ya cika har bakin rami, ya busa hancin numfashin ya fitar da busasshiyar laka. Sannan ya sa Kawu ya yi ta zana lamba 8 da motar a hankali, kamar sau goma, don man ya ratsa tsakanin faifan. A zagaye na farko ta yi karkarwa. Kafin na ƙarshe sai ƙarar taya a kan yashi kawai ake ji.

Da za mu tafi bakaniken ya leƙo ta taga ya ce, "Alhaji, in wata rana ta daina karkarwa da kanta ba a yi mata komai ba, kada ka yi murna. Faifan ne suka cinye." Ranar da ka maƙale a taɓo, in ji shi, ka sa yaro ya tsaya daga nesa ya duba: in taya ɗaya ce kaɗai ke watsa laka, a dawo masa da ita.