Ƙusa da Noti: Yadda Suke Riƙe Kayan Aikin Manomi

Manomin rani a fadamar Geriyo da ke gefen Jimeta ya san cewa a watan Maris da Afrilu, lokacin da zafi kan haura digiri 40, 'yan kwanaki ba tare da ban ruwa ba sun isa su illata shinkafa ko kayan lambu. Sau da yawa abin da ke tsayar da injin ban ruwa bai wuce noti ɗaya da ya kwance ba, ko kilif ɗin tiyo da ya saki. Saboda haka ya kamata malamin gona da manomi su fahimci yadda waɗannan ƙananan ƙarafa suke riƙe abu, da dalilin da ya sa suke saki.

Bol da noti

Idan ka ɗaure noti, sandar ƙarfen da makanikai ke kira bol takan miƙe kaɗan, miƙewar da ido ba ya gani. Ƙoƙarin da take yi na komawa tsawonta shi ne ke matse ƙarafan biyu wuri ɗaya. Ke nan matsewar ce ke riƙewa. Da zarar ta ragu, sai ƙarafan su fara gugar juna, rami ya faɗaɗa, bol ɗin ya cinye ko ya karye.

Babban abin da ke rage matsewa shi ne jijjiga. Injin ban ruwa, injin casar shinkafa da amalanke duk suna jijjiga, noti yana juyawa baya da kaɗan-kaɗan. Maganin wannan shi ne ka sa washa mai tsaga a ƙarƙashin notin, ko ka ɗaura noti biyu ka matse na sama a kan na ƙasa, ko ka nemi noti mai roba a cikinsa. Kowace safiya kafin ka tayar da inji, ka bi notikan da ke riƙe shi a kan firam da sufana.

Ɗauri fiye da kima shi ma ɓarna ne. Jikin yawancin ƙananan injinan ban ruwa na alminiyam ne, wanda ya fi ƙarfe laushi. Idan ka ƙara wa sufana bututu don ka samu ƙarfi, haƙoran ramin za su cinye, gyaran ya koma na mai walda. Haka kuma idan noti ya ƙi shiga da hannu tun juyi na farko, kada ka tilasta shi. Mai yiwuwa haƙoransa na awon inci ne, na bol ɗin kuma na milimita.

Idan za ka sayi bol a kasuwar Jimeta, ka tafi da tsohon, kuma ka dubi lambar da ke kansa. Mai lamba 8.8 yana jure nauyin kimanin kilo 80 a kowane murabba'in milimita kafin ya tsinke, mai lamba 4.6 kuwa kimanin kilo 40. Ga bakin garma da ƙafar amalanke, ka nemi 8.8. Akwai wuri ɗaya da ba a so mai ƙarfi: wasu kayan da tarakta ke ja suna da bol da aka yi shi musamman don ya karye idan an ci karo da dutse ko kututture. Na sha ganin an maye gurbinsa da mai ƙarfi don a huta da sauyawa, daga baya giya ta lalace. A mayar da irinsa.

Game da tiyon da ke zuƙo ruwa, ɗaurin tsohuwar robar taya kan yi aiki na ɗan lokaci, amma rana tana busar da ita. Iska kaɗan idan ta shiga ta wurin, inji zai yi ta kuka ba ruwa. Kilif na ƙarfe mai sukuru ya fi aminci.

Ƙusa da rufin sito

Ƙusa ba ta da haƙora. Tana ratsa katako ne ta ture zarurrukansa gefe, su kuma su matse ta. Shi ya sa ƙusar da aka buga a ɗanyen katako take saki bayan iskar hunturu ta busar da shi, kuma wadda aka buga a ƙarshen katako, ta bi tsawon zarensa, ba ta da riƙo sosai. Ƙa'idar kafintoci ita ce tsawon ƙusa ya ninka kaurin katakon da ake liƙawa sau uku: katako mai inci 1 yana bukatar ƙusa mai inci 3. Idan kana tsoron tsagewa, ka ɗan dakushe tsinin da guduma kafin ka buga.

A Yola da kewaye, ruwan farko na Afrilu da Mayu yakan zo da iska mai ƙarfi. Iskar tana ɗaga kwano sama ne, wato ta ja ƙusa ta hanyar da ta fi sauƙin fita. Don haka ka yi amfani da ƙusar kwano mai hula, ka buga ta a kan tudun kwanon, ba a kwarin da ruwa ke bi ba, ka kuma ƙara yawanta a gefuna da kusurwoyi, inda iska ke fara kamawa. Katakon rufin kansa a ɗaure shi da bango da langa-langa. In ba haka ba, rufin zai tashi gaba ɗaya da ƙusoshinsa, hatsin da ke sito ya jiƙe.

Watan Maris ne lokacin hawa a duba. Ƙusar da ta ɗago kada a sake buga ta a raminta, a matsa gefe kaɗan a sa sabuwa. Katakon da gara ta ci kuwa ba ya riƙe ƙusa kowace iri, sai a sauya shi.