Yadda Za A Hana Ƙura Shiga Rumfar A-Kori-Kura

Ga shi an gama girbi, kaka ta yi, hunturu ya kama. Yanzu ne lokacin da manoma da 'yan kasuwa su ke ta jigilar amfanin gona daga ƙauyuka zuwa manyan kasuwanni, irin su Dawanau ta Kano da Dandume da Giwa da Makarfi. Yawancin hanyoyin ƙauye kuwa ba kwalta, burji ne na jar ƙasa, ko kuwa turba kawai wadda motoci suka fasa. Motar da ta fi yin wannan aiki ita ce ƙaramar nan mai buɗaɗɗen baya, wadda Hausawa suka laƙa wa suna a-kori-kura.

Masu irin wannan mota da yawa su kan sa a ɗora mata rumfa a baya, ta ƙarfe ko ta katako ko ta tamfol, domin tsare kaya daga rana da ruwa da ɓarayi. Amma akwai wani kuka da kusan dukansu su ke yi. Mutum ya loda kayansa tsaf, ya rufe ko'ina, ya kulle, amma da ya iso kasuwa ya buɗe sai ya tarar kome ya yi ja wur, kamar an barbaɗa masa jar ƙasa da gangan. Wani har ya kan ce gara ma da babu rumfar. To, abin yana da dalili, yana kuma da magani mai araha.

ASARAR DA ƘURA KE JAWOWA

Kada a ɗauki wannan abu wasa. Mai sayen garin masara ko garin rogo, in ya ɗanɗana ya ji tsakuwa a haƙori, ba ya komowa. Auduga in ta yi datti darajarta ta kan faɗi wurin awo, manomi ya yi wahalar shekara guda a biya shi kuɗin mai baya. Tumatir da attaruhu da alayyafo in suka sha ƙura su kan dushe, mai saye ya ce kwanan kwando suka yi, ya karya farashi. Nono da man shanu da nama kuwa, ƙura ba kyansu kaɗai ta ke ɓatawa ba, tana iya kawo musu ƙazantar hanya, wadda ta haɗa da busasshen kashin dabbobi. Haka ɗan kasuwa mai kai yadi da burodi ƙauye, da ma'aikaci mai ɗauke da takardun ofis ko magunguna, duk asara ɗaya ce.

TA INA TA KE SHIGA?

Mutane da yawa suna tsammani ƙura daga gaba ta ke bugowa. Ba haka ba ne. Daga baya ta ke shiga, motar ce kuma da kanta ta ke zuƙo ta.

Ga yadda abin ya ke. Kowa ya taɓa ganin babbar mota ta wuce da gudu, busassun ganyaye da takardu suka tashi suna bin bayanta kamar ana jan su da igiya. Dalili shi ne, mota in tana gudu tana keta iska, ta ture ta gefe da sama. Nan bayanta sai a sami wurin da iska ta yi ƙaranci, iskar kewaye ta riƙa murɗawa tana rugowa don ta cike gurbin. A daidai wannan wuri ne ƙurar da ƙafafun baya suka tayar ta ke taruwa tana juyi.

Har wa yau, iskar da ke shafar gefen rumfa da samanta da sauri ta kan tsotse iskar da ke ciki ta ko wace kafa da ta samu. Sai cikin rumfa ya zama kamar bakin mai zuƙar ruwa da tsinken kara: abin da ya fita sai an maye gurbinsa. Iskar da za ta maye gurbin kuwa ta kafofin ƙyauren baya ta ke shigowa, inda ƙura ta fi kauri.

Masu ilmin iska sun tabbatar cewa wannan zuƙa tana ƙaruwa fiye da yadda gudu ke ƙaruwa. In aka riɓa gudun mota biyu, ƙarfin zuƙar ya kan riɓu wajen huɗu. Watau direban da ya tashi daga mil 20 a sa'a zuwa mil 40, ba ninki biyu ya jawo wa kayansa ba. Ga shi kuma ƙurar da taya ke tayarwa ita ma ta ƙaru.

Sabo da haka aiki biyu ne a gaban mai mota. Na fari a toshe kafofin baya da na ƙasa. Na biyu a buɗe wa iska mai tsabta hanya daga gaba. Wanda ya yi ɗaya ya bar ɗaya, rabin aiki ya yi.

AIKI NA FARI: NEMAN KAFOFI DA TOSHE SU

Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kafin a sayi kome, a fara sanin inda tsagar ta ke. Akwai dabara biyu.

Da rana tsaka a tsai da mota a fili, a kashe inji, mutum guda ya shiga rumfa a rufe shi na ɗan lokaci. Duk inda ya ga haske na shigowa ya sa alama da alli. Inda haske ya ratsa, ƙura ma za ta ratsa.

Ko kuwa a share bayan mota sarai, a shimfiɗa farin ƙyalle ko tsofaffin takardu, a yi tafiyar mil 4 ko 5 bisa burji. In aka buɗe za a ga ƙura ta yi zane-zane, ko wane zane kuwa yana nuna kafar da ya fito.

Wuraren da aka fi samu su ne:

1. Gefe biyu na ƙyauren baya, inda ya haɗu da bangon bodi. A waɗansu motoci yatsa ma ya kan shiga.

2. Ƙarƙashin ƙyauren, wajen maɗaurinsa. Wannan ita ce babbar ƙofar ƙura, gama tana dab da ƙafafun baya.

3. Inda ƙofar rumfa ta sauko ta tarar da kan ƙyaure.

4. Inda rumfa ta zauna bisa bakin bodi, musamman kusurwoyin gaba.

5. Hujojin da ke daɓen bodi don zubar ruwa, da ramukan ƙusoshin da suka faɗi, da inda tsatsa ta ci, balle bisa kan taya.

Abin toshewa ba shi da wuyar samu. Ana sayar da robar bakin ƙofa wajen masu kayan mota, a manna ta da gam. Wanda bai samu ba ya nemi tsohuwar robar cikin taya wurin mai faci, a yanka ta ɗauri-ɗauri, faɗin inci 3 ko 4. A kafa ɗaya a bakin daɓe yadda za ta kwanta bisa tsagar ƙarƙashin ƙyaure, ta lanƙwashe in an rufe. A gefe kuma a naɗe robar biyu, ko a cusa soson katifa a ciki, yadda ƙyaure zai danne ta. Amma kada a cika kauri har ƙyaure ya ƙi kamawa, gama in ana tilasta shi maƙullansa za su lalace. Kafin a sa gam sai a wanke wurin ya bushe, in ba haka ba robar ba ta kwana biyu.

Tsakanin rumfa da bodi a kwance noti, a ɗaga rumfar, a shimfiɗa roba ko'ina, sa'an nan a mayar a ɗaure tamau. Gargadar hanya ta kan sassauta noti, sabo da haka a riƙa dubawa ko wane mako. Inda tsatsa ta huda a kai wa mai walda. Hujojin zubar ruwa kuwa kada a like su har abada. A toshe su da guntun roba ko toton da za a iya cirewa ran wanki da lokacin damina.

AIKI NA BIYU: BUTUTUN ISKA

Kome ƙoƙarin mutum ba ya iya toshe ko wace kafa. Ƙurar jar ƙasa ta fi gari laushi, mota kuma tana murɗewa bisa hanya, tsagogi suna buɗewa suna rufewa. Nan ne dabara ta biyu ta ke da amfani.

A dubi salka mai 'yar huda. Muddin tana cike, ruwa ne ke fita ta hudar, ƙasa ba ta shiga. Haka a ke so rumfa ta zama: a cika ta da iska mai tsabta har ta yi yawa, ta riƙa fita ta kafofin baya tana korar ƙura.

Yadda a ke yi, a huda rufin rumfa ta wajen gaba, a kafa bututu mai lanƙwasa wanda bakinsa ke duban inda mota ta dosa. Bututun ruwa na roba mai faɗin inci 3 ko 4 ya kan isa ƙaramar rumfa, ko kuwa maƙeri ya ƙera na kwano mai murfi. Lalle bakin ya ɗara kan gidan direba tsawo, gama can sama iska ta fi tsabta, in kuwa ya ɓuya bayan gidan direba ba zai sami iska sosai ba. Mota na tafiya iska na cusa kanta ciki, gwargwadon gudu gwargwadon cusawa.

A lura da abu uku. Na ɗaya, iskar da ke shiga ta bututu ta fi wadda kafofi ke zubarwa yawa. Shi ya sa toshiya ta ke gaba, gama ƙaramin bututu ba ya rinjayar ƙyaure mai holoƙo. Na biyu, a sa raga a bakin don ƙwari da ƙaiƙayi, a baya da ita a sa siririn soso ya tace ƙura. A riƙa cire soson ana wankewa, in ya toshe aikin ya ɓaci. Na uku, a yi masa murfi sabo da ruwan sama.

Akwai kuskuren da a kan yi. Wani ya kan buɗe tagar gefe ko ta baya wai ƙura ta fita. Wannan ƙara zuƙa ya ke yi. Haka irin fankar nan ta kan rufi mai juyawa da iska, aikinta fitar da iskar ciki ne, sabo da haka bisa burji ƙura ta ke jawowa.

Mai rumfar tamfol shi ma ya bi wannan ƙa'ida: ya ɗaure baya da gefe tamau, tamfol ya sauko ya rufe bakin bodi, ya bar 'yar kafa a gaba can sama. Tamfol mai kaɗawa kamar zugazugin maƙeri ya ke, yana busa yana zuƙa.

HANKALI DA HAYAƘI

Wannan magana ta fi ta kaya nauyi. Zuƙar da ke jawo ƙura ita ce ke jawo hayaƙin salansa. Cikin hayaƙin nan akwai wata iskar guba, sunanta kabon monoksaid, ba ta da launi ba ta da wari. Ta kan fara da ciwon kai da jiri da barci, in ta yi yawa ta kashe mutum. Ƙura a rumfa alama ce hayaƙi ma yana iya shiga. Kada a rufe mutane cikin rumfa, balle yara, kada kuma yaron mota ya kwanta ciki inji na aiki. Salansa in ta fashe a gyara nan da nan.

Mai ɗaukar kaji ko 'yan tsaki ko awaki kada ya like rumfa ya hana iska. Bututu ba ya aiki sai mota na tafiya. In an tsaya, a nemi inuwa a buɗe ƙofar baya, gama zafin rumfar ƙarfe da tsakar rana ya isa ya halaka kaji cikin ɗan lokaci.

RABON DIREBA DA MAI LODI

Sauri kan haifi nawa. Direba ya rage gudu bisa burji, ya ba motar da ke gabansa rata har ƙurarta ta kwanta. In ya bi ta dab da dab, bututun nan ƙurarta zai riƙa ɗurawa cikin kaya, ga shi kuma ba ya ganin hanya. In babbar mota ta taho, ya sassauta har ta wuce. Ranar da hazo ya yi kauri, irin wanda iskar hunturu ke kwasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tsakanin Nuwamba da Maris, soson bututu ya kan cika da wuri, matatar iskar inji ma haka. A duba su duka biyu.

Wajen lodi, a sa kaya masu gudun ƙura can gaba kusa da gidan direba: gari, da nono, da yadi, da takardu. Buhunan hatsi da doya da itace su zauna baya. Gari a sa shi cikin leda kafin buhu, nono a rufe shi da murfi mai kamawa. Kayan lambu a lulluɓe su da buhun algarara mai ɗan danshi, ban da leda, gama leda ta kan dafa su. Maganin feshi da takin zamani da fetur kada su hau tare da abinci ko kaɗan.

In an iso, a kakkaɓe ƙurar da ta taru bisa ƙyaure da ƙofa kafin a buɗe, in ba haka ba wadda aka hana shiga duk tsawon hanya za ta zubo kan kaya a bakin kasuwa. Kafin ruwan fari kuma a wanke ƙarƙashin mota da lungunan bodi, gama ƙasar da ta maƙale ta kan riƙe laima ta kawo tsatsa.

Duk aikin nan bai wuce na yini guda ba, kayansa kuwa akwai su a ko wane gari mai tashar mota. Wanda ya yi shi yanzu, tun jigilar kaka ba ta yi nisa ba, zai ga bambanci a tafiyarsa ta fari. Allah ya kiyaye hanya, ya sa a sayar da riba.