PARMI MAI LAMBA 78: WACE MOTA YA HALATTA, WACE YA HANA?

Garin Ɗan Kassari yana bisa babbar hanyar ƙasa mai lamba 1, tsakanin Dogondutsi da Birnin Ƙonni. Motar da ta taso daga Yamai za ta Maraɗi ko Damagaram, ta nan take ratsawa. Don haka mutanen garin sun daɗe da sanin mota. Dattawa sun ga zamanin manyan motocin Berliet, sun ga Peugeot 404 da 504 mai tampol, kana suka ga shigowar Hiace da Land Cruiser. Motocin nan da suka saba gani, tuƙinsu iri ɗaya ne: feda uku a ƙarƙashin ƙafar direba, wato kuloci da birki da totur, da sandar giya a hannunsa.

Yau abin ya sake. Cikin tsofaffin motocin da ake sayowa daga Turai da Amurka, waɗanda aka daɗe ana saukewa a tashoshin jiragen ruwa na Kwatano da Lome, akwai da yawa masu feda biyu kurum, birki da totur. Su ake kira otomatik. Tare da su kuma wata irin takardar izinin tuƙi ta fara bayyana a hannun matasan da suka yi karatu ko aiki a Turai: parmin da ya halatta wa mai shi tuƙin otomatik kaɗai. Ya kamata direbobi su san iyakar wannan takarda, haka ma ma'aikatan hukuma da ke ɗaukar direba aiki suna damƙa masa makullin motar jama'a.

ASALIN SHARAƊIN

Parmin ƙasar Nijar ya gaji tsarin haruffa irin na Faransa: A na babur, B na ƙaramar mota, C na babbar motar kaya, D na motar ɗaukar fasinjoji da yawa. Harafi yana nuna girman mota da aikinta. Amma ƙasashe da dama sun ƙara wani sharaɗi a kan harafin, wanda ya shafi akwatin giya, abin da makanikai ke kira buwat. Dalilinsu a fili yake. Wanda ya koyi tuƙi da mota mai feda biyu, ya ci jarrabawa da ita, ƙafarsa ta hagu ba ta taɓa aiki ba. Mai jarrabawa bai ga yadda zai tayar da mota a kan tudu ba tare da ta koma da baya ba, bai ga yadda zai sauya giya a kwana ba. Ba za a ba shi shaidar abin da ba a gwada shi a kai ba.

A ƙasashen Tarayyar Turai, dokar da aka yi a shekarar 2006 kan takardun tuƙi ita ce ke aiki da lamba 78. Ana rubuta lambar a bayan katin, a gurbi na 12, daura da harafin da ta shafa. Ma'anarta: mai wannan parmi ba ya tuƙa sai mota otomatik. Ingila tana da irin wannan sharaɗi, Japan ta kafa nata a shekarar 1991, Afirka ta Kudu ma tana rubuta shi a kan katinta. A Amurka kuwa parmin ƙaramar mota bai rarrabe ba, sai ga direbobin manyan motocin haya.

A ƘIDAYA FEDA

To, mece ce mota otomatik a idon doka? Nan ne gardama takan tashi a tasha da gareji, domin akwatin giya iri-iri ne, kuma kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa. A shekarar 2012 Tarayyar Turai ta gyara dokarta ta yanke maganar. Ta ce motar giyar hannu ita ce wadda ke da fedar kuloci, wadda dole direba ya taka wajen tashi da tsayawa da sauya giya. Duk motar da ba haka take ba, otomatik ce.

Ke nan ba a buƙatar kwance akwatin giya, ba a buƙatar karanta sunan da ke jikin mota. Mutum ya sunkuya ya dubi wurin ƙafar direba ya ƙidaya. Feda biyu: parmi mai lamba 78 ya halatta. Feda uku: ya hana. Ko wanda bai daɗe da gama ajin yaƙi da jahilci ba yana iya yin wannan bincike.

IRE-IREN DA YA HALATTA

Na farko shi ne otomatik na ainihi, mai aiki da mai. A maimakon farantin kuloci akwai wani kasko a rufe cike da mai. Inji yana juya farfela ɗaya a ciki, mai ya tunkuɗa ta biyu, ita kuma ta kai ƙarfi ga tayoyi. Kamfanin General Motors na Amurka ne ya fara sayar da irin wannan akwati da yawa, da sunan Hydra-Matic, a motocin Oldsmobile na shekarar 1940. A jikin sandarsa ake ganin haruffan P na ajiye mota, R na baya, N na sake giya, D na tafiya gaba. Shi ne ya fi yawa a motocin da ake kawowa daga Amurka.

Na biyu shi ne mai bel, wanda ake rubuta sunansa CVT. Ba shi da giya ta ɗaya da ta biyu da ta uku. Bel ne ke gudu tsakanin fayafayai masu buɗewa da tsukewa, sai gudun mota ya riƙa ƙaruwa sannu a hankali, babu tsalle. Kamfanin DAF na ƙasar Holan ya nuna shi a wata ƙaramar mota a shekarar 1958. Yau ana samunsa a ƙananan motocin Japan da yawa.

Na uku shi ne mai kuloci biyu. Kuloci ɗaya yana riƙe da giya ta 1 da ta 3 da ta 5, ɗayan yana riƙe da ta 2 da ta 4 da ta 6, kwamfutar mota kuma ita ke kamawa da saki. Volkswagen ta fitar da nata a shekarar 2003 da sunan DSG. Sunan yana ruɗar mutane: sukan ce mai kuloci har biyu yaya za a kira shi otomatik? Kulocin suna cikin akwati, babu fedarsu a ƙarƙashin ƙafa. Don haka doka ta lissafa shi cikin otomatik.

Na huɗu shi ne akwatin giyar hannu da aka ɗora wa na'ura. In makanike ya buɗe shi zai tarar da haƙora da farantin kuloci kamar na kowace tsohuwar mota, sai dai ƙananan injuna ne ke taka kulocin da tura giyar a madadin direba. Akwai shi a wasu ƙananan motocin Citroën da Peugeot da Toyota. Shi ma feda biyu gare shi, shi ma ya halatta.

Akwai kuma motocin da ke barin direba ya zaɓi giya da kansa, ta hanyar tura sanda wajen alamar + ko −, ko ta jan wasu ƴan maɓallai a bayan sitiyari. Wasu suna tsammanin mai lamba 78 bai da izinin taɓa waɗannan maɓallai. Yana da izini, tun da ƙafarsa ba ta taka kuloci. Har ma a shekarar 2020 kamfanonin Hyundai da Kia sun fitar da motoci a Indiya masu sandar giya irin ta hannu sak, daga ta ɗaya har ta shida, amma babu fedar kuloci. Bisa ma'aunin Turai, su ma otomatik ne. Wannan dabara ba sabuwa ba ce: Citroën DS ta shekarar 1955 ta fito da sandar zaɓen giya kusa da sitiyari, ba tare da feda ta uku ba.

Daga ƙarshe akwai motocin lantarki, waɗanda galibinsu giya ɗaya gare su, da masu haɗa fetur da lantarki irin Toyota Prius da ta fito a shekarar 1997. Babu kuloci a ƙafa, don haka parmi mai lamba 78 ya ishe su.

Ma'aunin ya shafi babur ma, sai dai a nan hannun kuloci ake dubawa a maimakon feda. Ƙaramin babur ɗin nan da ake sauya wa giya da ƙafa ba tare da an matsa kome da hannun hagu ba, irin wanda Honda ta fara ƙerawa a shekarar 1958, a lissafin wannan doka otomatik ne.

ABIN DA YA HANA, DA HUKUNCINSA

Abu ɗaya tak ya rage a waje, shi ne duk mota mai fedar kuloci, ko giyarta huɗu ce ko shida, ko sandarta a ƙasa take ko a jikin sitiyari kamar ta tsohuwar 404. Iya tuƙa ta a aikace ba ya wanke mutum. Ko da ya koya a hannun ɗan'uwansa ya ƙware, muddin lambar na bayan katinsa, ya karya sharaɗi. A Faransa tarar wannan laifi yuro 135 ce, wato kimanin jikka 88 da rabi na kuɗin sefa, kuma ana zare maki 3 daga parminsa. In kuwa haɗari ya auku, kamfanin inshora yana iya samun hujjar jayayya a kan biyan diyya. Wanda ya ci jarrabawa da mota mai feda uku, shi ba shi da wannan damuwa: parminsa ya halatta masa iri biyun duka.

Ƙofar cire lambar a buɗe take. A Faransa, tun daga shekarar 2017, mai neman parmin otomatik yana yin aƙalla awa 13 na koyon tuƙi, a maimakon awa 20 na giyar hannu. In daga baya yana son a share lamba 78, sai ya ƙara awa 7 a makarantar koyon tuƙi, ba tare da sabuwar jarrabawa ba. Da farko sai an jira wata 6, aka rage zuwa wata 3, kana aka soke jiran a watan Maris na 2024. Jamus ta buɗe wata hanya a shekarar 2021: mutum ya yi darasi 10 da motar giyar hannu, malaminsa ya gwada shi, sa'an nan ko da otomatik ya ci jarrabawa ba a sa masa sharaɗin. A Ingila kuwa sai an sake jarrabawar tuƙi da mota mai feda uku.

INA RUWAN ƊAN KASSARI?

A ɗauki misali. Wani saurayi ɗan Arewa ya dawo daga Turai da parmi mai harafin B, yana neman aikin tuƙa motar ɗaukar marasa lafiya. Ma'aikacin da ya karɓi takardunsa ya dubi gaban katin, ya ga hoto da harafi, bai juya baya ba. Da dare aka aiko daga wani ƙauye na wajen Lugu cewa haihuwa ta zo wa wata mata da gardama, sai an kai ta asibitin Dogondutsi. Motar da ke tsaye mai feda uku ce, hanya kuma rairayi ce kafin a hau kwalta. A irin wannan dare ba a koyon kuloci. Wanda bai saba ba zai kashe inji a tsakiyar yashi, ko ya ƙone farantin kuloci yana ƙoƙarin fita, alhali rai biyu suna jiransa.

Yarjejeniyar Viyana ta shekarar 1968 kan zirga-zirgar motoci, wadda Nijar ke cikin ƙasashen da suka amince da ita, ta sa ƙasashe suna karɓar parmin juna. Amma abin da aka rubuta a cikin takarda shi ake karɓa. Parmi ba ya ƙara girma don ya ƙetare iyaka. Saboda haka magajin gari, da shugaban ma'aikata, da mai motar haya, duk wanda aka miƙa wa katin waje, ya juya shi ya karanta gurbi na 12. Kome takardar ta ce kuma, ya zaunar da mai neman aiki a cikin ainihin motar da zai tuƙa, ya ga tashinsa da tsayawarsa. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Wannan ba kushe wa otomatik ba ne. Tana sauƙaƙa tuƙi a cunkoson Yamai, ba ta mutuwa a hannun sabon direba, kuma ta buɗe hanyar tuƙi ga wanda ƙafarsa ta hagu ta samu naƙasa. Sai dai mai sayenta a karkara ya san halinta. In batir ya mutu, otomatik mai aiki da mai ba ta tashi da turi, kamar yadda yaran tasha ke tayar da Hiace. In ta lalace a daji, jan ta da igiya zuwa nesa, tayoyinta na juyawa inji a kashe, yana iya lalata akwatin giya, domin famfon da ke zagaya mai ba ya aiki. Man akwatinta ma na musamman ne, kowane iri da nasa, ba a zuba masa man inji.

Ga matashin Ɗan Kassari da ke tara kuɗin shiga makarantar koyon tuƙi, lissafin bai da wuya. Motocin kasuwa, da na kaya, da tarakta, da yawancin motocin da ke shiga ƙauyuka, har yanzu masu kuloci ne, kuma a wurinsu aikin direba yake. Ƴan awoyin da zai ƙara yana horar da ƙafarsa ta hagu su ne za su ba shi damar karɓar kowane makulli aka miƙa masa. Kafin ya biya kuɗi, ya tambayi makarantar da wace mota za a koya masa, da wace za a jarraba shi, kuma ya sunkuya ya ƙidaya fedar da idonsa.