Idan Kwamfuta Ta Ce "Trojan": Gaskiyar Magana da Jita-jitar Gari

Wata ranar Asabar ƙanena ya kira ni muryarsa na rawa: "Yaya, kwamfutata ta fito da gargaɗi, wai Trojan. Abokina ya ce in yi mata fomat kawai." Aikinsa na shekarar ƙarshe a jami'a yana ciki. Kafin in isa, mutum uku sun riga sun ba shi shawara, kowace ta saɓa wa 'yar'uwarta.

Sunan ya fito ne daga labarin Girkawa na dokin katako da aka shigar birnin Troy a matsayin kyauta, alhali mayaƙa na ɓoye a cikinsa. Trojan mugun fayil ne da ya yi shigar burtu. Ba ya yaɗuwa da kansa kamar bairas na ainihi, galibi sai mutum ya buɗe shi da hannunsa, yana zaton takarda ce ko wasa ko wata manhaja.

Magana ta farko da ake yawan ji ita ce duk abin da antibairas ya nuna wa yatsa a goge shi nan take. Wannan ba daidai ba ne, domin antibairas ma yana kuskure. A watan Afrilun 2010 wani sabuntawa na McAfee ya ɗauki svchost.exe, fayil na halal a Windows XP, a matsayin mugu, kwamfutoci masu ɗimbin yawa suka yi ta kashe kansu suna kunnawa. Shi ya sa Microsoft Defender, wanda ke zuwa a cikin Windows 10 da 11, yake killace fayil: ya ɗaure shi inda ba zai iya motsi ba, amma ana iya mayar da shi idan zargin bai tabbata ba. Killacewa ta wadatar a matakin farko. Abin da ya fi gogewa nan take haɗari shi ne a bi saƙon da ke yawo yana cewa nemi fayil kaza ka goge. A 2002 an baza irinsa ta imel kan jdbgmgr.exe, mai tambarin 'yar tsanar beyar, mutane suka yi ta gogewa, ashe wani ɓangare ne na Java da bai taɓa cutar da kowa ba.

Suna kaɗai ba ya gaya maka komai. Svchost.exe na gaskiya yana zaune a babbar jakar Windows, cikin System32, kuma ganin goma ko fiye suna aiki lokaci guda a Task Manager ba abin tsoro ba ne. Amma idan ka danna dama a kansa, ka nemi wurin zamansa, ka tarar da shi a Downloads ko Temp ko AppData, to baƙo ne ya ari rigar ɗan gida.

Sai kuma masu kishiyar magana: "Ai antibairas ne ba ya son kirak, kashe shi ka saka." Wannan ce ta fi ba ni haushi, saboda akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki. Defender yakan kama manhajojin buɗe Windows da Office na sata ya yi musu laƙabin HackTool, ko da ba su ɗauke da komai. To amma ɓarayi sun san da haka, kuma cikin irin waɗannan kayan suke cusa guba, sun san kai da kanka za ka kori maigadi. Wanda ya ce ka kashe kariyarka kafin ka saka kayansa bai cancanci amana ba. Ko kamfanin da aka sani ma ba tabbas ba ne: a 2017 an gurɓata CCleaner 5.33 tun daga tushe, da sa hannun kamfanin a jikinsa, ya shiga kwamfutoci sama da miliyan 2.

Mai shakka yana da inda zai kai ƙara. VirusTotal, wanda aka kafa a Sifen a 2004 kuma Google ya saya a 2012, yana gwada fayil da injunan antibairas kusan 70. Idan ɗaya ko biyu ne suka yi ƙorafi, mai yiwuwa kuskure ne, musamman in fayil ɗin tsoho ne sananne. Idan sun kai 30, magana ta ƙare. Sai dai kada a ɗora takardar sirri a can, domin masu bincike suna iya ganin abin da aka ɗora.

Ƙaryar da ta fi tsada ita ce an goge fayil, shi ke nan. Idan an riga an buɗe shi, mai yiwuwa ya dasa kansa cikin abubuwan da ke tashi tare da kwamfuta, ko ya janyo 'yan'uwansa daga intanet. Wasu, irin Zeus da ya bayyana a 2007, aikinsu kwashe bayanan banki ne, kuma abin da ya fita ya fita. Don haka a cire intanet, a yi binciken Microsoft Defender Offline, wanda ke duba kwamfuta kafin Windows ta farka, sannan a canza kalmomin sirri na imel da banki daga wata na'ura mai tsabta, ba daga wadda ake zargi ba.

Fomat kuwa? Gaskiya ce a wasu lokuta, idan gargaɗin ya ƙi daina dawowa. Ko a nan, a kwashe takardu da hotuna tukuna, a bar duk mai ƙarewa da .exe a baya.

Trojan ɗin ƙanena ya zo ne ta filas, daga wani shagon buga takardu. A ido sunansa ya ƙare da .pdf. Windows takan ɓoye wutsiyar sunan fayil sai an umurce ta ta nuna, da muka kunna wannan a File Explorer sai ga .pdf.exe. Cikin ikon Allah Defender ya cafke shi kafin ya buɗe. Muka bar shi a killace, muka duba kwamfutar da filas ɗin, sannan muka goge shi. Ranar Litinin ya kai wa malaminsa babi na huɗu.