Murar Tsuntsaye: Yadda Ƙwayar Cutar Ke Rikiɗa

Ran 8 ga watan Fabrairu, 2006, aka ba da sanarwar cewa annobar da ta karkashe dubban kaji a wata gona da ke Jaji, cikin Jihar Kaduna, murar tsuntsaye ce mai suna H5N1. Wannan ne karo na farko da aka tabbatar da ita a Afirka, shekara goma bayan an fara ganinta a jikin dinya a ƙasar Sin.

Asali dai ƙwayar cutar a hanjin agwagin daji take zaune, galibi ba ta yi musu lahani. To, me ke mayar da ita makashiya?

A bayanta akwai wani tsinke da take kutsawa cikin ƙwayoyin jiki da shi, amma ba ya aiki sai wani sinadarin jikin tsuntsun ya tsaga shi. Ga ƙwaya mai sauƙi, a hanji da hanyar numfashi kaɗai ake samun wannan sinadari. Amma in irin H5 ko H7 ta daɗe tana yawo cikin kaji, kurakuran da take yi wajen haihuwar kanta sukan canza matsagar, har ya zamana ko'ina cikin jiki tsinken yana tsaguwa, ciki har da zuciya da ƙwaƙwalwa. Shi ya sa mai kiwo kan kwana da kaji lafiya lau, ya wayi gari da mushe.

Har wa yau, gadon halittarta kashi takwas ne. In iri biyu suka gamu a jiki guda, sai su yi musanye, a haifi sabuwa. An sami irin waɗannan barbarar yanyawa a Nijeriya a 2007, shekarar da cutar ta kashe wata mace a Ikko.

Nan ne zancen ya shafi mutanen Kafanchan, domin alade yana ɗaukar murar mutum, yana kuma ɗaukar ta tsuntsu. A 2018 masanan cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom suka bayyana cewa sun sami H5N1 a jikin aladu a mayankar Jos, alhali ba su nuna alamar ciwo ba. Mu a ganinmu wannan ya fi mushen kaji ban tsoro, don kuwa dabbar da ba ta kwanta ba, ba mai hana ta zuwa kasuwa. Ga shi kuwa kowace Alhamis kasuwar aladu ta Katsit tana ci a gefen Kafanchan, fatake na loda su a mota zuwa kudu.