Murar da ba mura ba: ciwon alerji a ƙasashen Ƙonni, Malbaza da Ilela

Da zarar watan Nuwamba ya tsaya, iskar hunturu ta taso daga gabas, sai hazo ya lulluɓe Birnin Ƙonni, har wata rana direban da ke bisa babbar hanyar Maraɗi ya kasa hango motar da ke gabansa. A wannan lokaci ne ake jin atishawa ta ko'ina, a rumfunan kasuwa, a ofisoshin gwamnati, da cikin azuzuwan makaranta. Kowa ya ce mura ce, a aiki yaro wurin mai tallar magani ya sayo kafso. Sati ɗaya ya wuce, biyu su wuce, wata ya cika, hanci bai daina zuba ba, idanu ba su daina ƙaiƙayi ba, kuɗi kuwa sun tafi.

Ga mutane da yawa wannan ba mura ba ce. Ciwo ne da likitoci ke kira alerji, wanda Bahaushe ya daɗe da sanin reshe ɗaya daga cikinsa da sunan borin jini. Kafso ba ya yi masa kome, kuma wanda bai gano abin da ke tayar masa da shi ba zai ƙare shekarunsa yana sayen maganin da ba nasa ba.

Yadda abin yake faruwa cikin jiki

Allah ya halicci jikin ɗan Adam da masu tsaro cikin jini, waɗanda aikinsu shi ne tare ƙwayoyin cuta. Ana iya kwatanta su da ma'aikatan da ke tsaye a bakin iyaka, suna duba mai shiga da mai fita. Ga mai alerji, masu tsaron nan sukan yi kuskure, su rubuta sunan baƙon da ba ya da laifi cikin jerin miyagu: ƙurar gero, ƙurar furen ciyawa, gashin kyanwa, gyaɗa, ko wani magani.

A karon farko da abin ya shiga jiki, mutum ba ya jin kome. Amma jiki ya riga ya ƙera wani sinadari mai suna IgE, wanda ya dace da wannan abu shi kaɗai, ya liƙa shi ga wasu ƙwayoyin halitta da ke zaune cikin fata, da hanci, da huhu, da hanji. Ranar da abin ya sake dawowa, sai ƙwayoyin nan su zubo da wani sinadari da ake kira histamin. Shi ne ke buɗe ƙananan hanyoyin jini ruwa ya tsattsafo, wuri ya kumbura, ya yi ja, ya yi ƙaiƙayi. Idan a hanci ne, atishawa da majina; idan a fata ne, borin jini; idan a huhu ne, hanyoyin iska su matse, numfashi ya riƙa fita da ƙara, abin da ake kira asma.

Wani likitan yara na birnin Biyana a ƙasar Ostiriya, Clemens von Pirquet, shi ne ya raɗa wa ciwon wannan suna a shekarar 1906, amma sai a 1966 da 1967 ne masu bincike a Amurka da Suwidin suka gano sinadarin IgE. Ba a ɗaukar alerji daga wani kamar yadda ake ɗaukar mura, sai dai yakan bi jini: ɗan da iyayensa ke da shi ya fi kusa da samunsa.

Bambanta shi da mura ba ya da wuya. Mura takan zo da kasala, wani lokaci da zazzaɓi, majina ta yi kauri, cikin kwana 7 zuwa 10 ta wuce. Alerji ba ya zuwa da zazzaɓi. Majinarsa kamar ruwa take, atishawa a jere, ƙaiƙayi a hanci da ido, kuma yakan komo a lokaci guda na shekara ko a wuri guda. Amma a kula: tarin da ya wuce sati biyu tare da rama da zufar dare, na gwajin tarin fuka ne, zazzaɓi mai zafi da sandarewar wuya a lokacin hazo kuwa, alamar sanƙarau ce, ba a kwana da ita a gida.

Kowace sana'a da nata

Mafi yawan ƙurar hunturu daga Hamada take fitowa, musamman kwarin Bodele da ke arewacin Cadi. Ita kanta ƙurar ba kullum ce tushen alerji ba, amma tana busar da hanci da maƙogwaro, tana gurje su, ta haka take tayar da ciwon ga wanda yake da shi. Haka ma hayaƙin itace, da na taba, da turaren wuta, da maganin sauro na ƙonawa.

Bayan wannan, kowace sana'a ta wannan yanki tana da abin da take shaƙa. Mai sayar da hatsi a kasuwar Badagishiri, cikin gundumar Ilela, yana yini cikin ƙurar gero da dawa, haka ma matan da ke sussuka da shiƙa bayan kaka. A Galmi da Tsarnawa, inda albasa ta yi suna har ƙasashen bakin teku, hawayen da ke zuba wajen yankan albasa ba alerji ba ne, yaji ne kawai da ke taɓa kowa. Abin lura shi ne baƙar fumfunar da ke kama albasar da ta daɗe cikin rudu, domin ƙurarta na iya tayar da asma ga mai juya buhuna. Ma'aikacin ofis ma bai tsira ba: tsofaffin takardu, da labule, da kyankyaso, da wasu ƴan mitsi-mitsin ƙwari da ido ba ya gani waɗanda ke zaune cikin katifa da matashi, musamman da damina, duk suna cikin sanannun masu tayar da ciwon.

Malbaza kuwa garin siminti ne tun shekarun 1960. Ɗanyen siminti, ko na wace ƙasa ne, yana cin hannu saboda kaifinsa, kana yana iya ƙunsar wani sinadari mai suna kurom wanda jikin wasu ke ƙi. Wannan irin alerji ba nan take yake fitowa ba, sai bayan kwana ɗaya zuwa uku, hannu ya yi ƙuraje, ya tsage, ya yi ta ƙaiƙayi, kuma idan ya kama mutum da wuya ya rabu da shi. Saboda haka ne Tarayyar Turai ta ƙayyade yawan wannan sinadari cikin siminti tun 2005. Safar hannu ta roba da wanke hannu bayan aiki sun fi kowane man shafawa amfani. Irin wannan ƙuraje ne kuma ke fito wa wasu mata a gurbin ɗan kunne na ƙarfe mai araha, ko a wurin da aka yi zane da lallen da aka haɗa da baƙin rinin gashi.

Akwai kuma yara, galibi maza, da ake gani idanunsu sun rine sun yi ruwan ƙasa, kullum suna murza su, suna gudun hasken rana. Alerjin ido ne da ya yawaita a ƙasashen Sahel, kuma sau da yawa yakan lafa bayan balaga. Haɗarinsa yana ga maganin ɗigawa da ake saye a kasuwa: mai ɗauke da kortizon yana kwantar da ƙaiƙayi nan da nan, amma idan aka daɗe ana ɗiga shi ba da sanin likita ba, yana iya hawar da ruwan ido ko ya kawo yana, har yaro ya makance.

Wanda ba ya jira

Akwai nau'in da ke kisa cikin mintoci. Wasu Faransawa biyu, Charles Richet da Paul Portier, suka fara bayyana shi a 1902, suka kira shi anafilaksi, kuma a kansa ne Richet ya sami kyautar Nobel a 1913. Yakan biyo bayan allurar penisilin, ko harbin zuma da rina, ko cin gyaɗa, kifi ko ƙwai ga wanda jikinsa ya ƙi su. Alamunsa su ne borin jini a duk jiki, kumburin leɓe da harshe, shaƙewar murya, wahalar numfashi, amai, jiri, da suma.

A nan ba a tsayawa jiƙa magani, ba a ɗura wa mutum nono ko man ja. A kwantar da shi a ɗaga ƙafafunsa, in numfashi ya gagara a bar shi zaune, kada a sa shi tafiya da ƙafa, a nemi mota a kai shi gidan likita mafi kusa, ko CSI ne, ko asibitin gunduma na Ƙonni ko na Ilela, ko asibitin Galmi da ke aiki tun 1950. Maganinsa na farko allurar adirenalin ce a tsokar cinya. Ƙwayar ƙaiƙayi ba ta maye gurbinta. Wannan shi ne babban dalilin da ya sa allurar bakin kasuwa take ganganci: mai yin ta ba ya da abin ceto idan jiki ya yi bori. Haka kuma wanda ya sha magani irin su kotirimokzazol, bayan kwanaki ya ga fatarsa na salewa, bakinsa da idanunsa sun yi gyambo, ya dakatar da shi ya nufi asibiti a ranar.

Abin da ya rage ga mai ciwon

Gari mai bakin iyaka kamar Ƙonni ba a rasa magani cikinsa, a tire, a kwali, a bayan keke. Ƙwayar deksametazon, wadda wasu ke sha don ƙiba, tana kwantar da alerji, shi ya sa ake yabonta; amma shanta wata da watanni na jawo hawan jini, da ciwon sukari, da raunin ƙashi, kuma yanke ta dare ɗaya bayan an saba shi ma haɗari ne. Tsofaffin ƙwayoyin ƙaiƙayi irin su kulorfeniramin suna sa barci, abin da ya kamata direban babbar mota da ɗan kabu-kabu su sani. Sababbi kamar setirizin da loratadin ba su cika sa shi ba.

Game da asma, Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 262 ke fama da ita, ta kuma kashe 455,000, mafi yawansu a ƙasashe marasa ƙarfi. Jita-jitar cewa wanda ya fara amfani da abin shaƙa ba ya iya rabuwa da shi ba ta da tushe. Iri biyu ne: mai buɗe ƙirji idan ciwo ya taso, kamar salbutamol, da wanda ake shaƙa don hana shi tasowa. Likita ne ke tsara su.

Sauran aikin na mai ciwon ne. Ya lura da ranar da abin ya taso, da wurin da yake, da abin da ya ci ko ya taɓa, ya rubuta, domin da wannan ne likita zai kama bakin zaren. Ya rufe hanci da rawani ko ƙyalle ranar hazo, a yayyafa ruwa kafin shara, a riƙa shanya katifa a rana, a goge teburin ofis da jiƙaƙƙen tsumma. Wanda magani ya taɓa yi wa bori kuma, ya sa a rubuta sunan maganin a shafin farko na karnensa na asibiti, ya sanar da iyalinsa, ya faɗa wa duk ma'aikacin lafiyar da ya ɗauko allura tun kafin ya tambaya. Allah ya sa a dace, ya ƙara wa kowa lafiya.